Yadda mai bin Yesu zai kwance igiyar bashi daga wuyansa

Ranar da na gane bashi ya gama dani ba ranar da aka tara min jama'a a ƙofar gida bace. Wata Asabar ce da yamma a nan Garwa, cikin zafin nan na watan Afrilu da ko iska ta kaɗo sai kaji kamar daga bakin murhu ta fito, ina kwance kan tabarma a tsakar gida sai naji sallama, muryar mai kantin layinmu ce, wani Alhaji da nake karɓar shinkafa da mai da sabulu a wurinsa yana rubutawa. Ban ko tsaya tunani ba na jawo 'yata, lokacin shekararta 7, nace mata a kunne je kice baba baya nan. Ta je ta faɗa. Mashin ɗina kuwa yana jingine a zaure, mutumin yana ganinsa da idonsa. Shiru ya yi, can yace to in ya dawo a gaishe shi. Yarinyar ta dawo ta tsaya a kaina tace baba ai kana nan. Washegari Lahadi ni da hannuna na riƙe ta na kaita ajin yara a majami'a inda ake koya musu dokoki goma.

Shi yasa nake wannan rubutu, dan na san ba ni kaɗai bane. Daga Garwa zuwa Marwa zuwa Ngaundere, har 'yan'uwanmu na Njamena, majami'unmu cike suke da mutanen da ke ɗaga murya a waƙa amma rabin zuciyarsu na wurin wanda ke zaune a bencin baya, ana gama addu'ar ƙarshe su sulale ta ƙofar gefe. Muna yawan cewa bashi hanji ne yana cikin kowa, gaskiya ne, amma mun mai da maganar abin rarrashin kai har mutum ya daina jin nauyin abin da yake ɗauke dashi.

Bari in fara da abin da Littafi Mai Tsarki ya faɗa dan kar in ɗora wa kowa kayan da Allah bai ɗora masa ba. Babu inda aka ce cin bashi kansa zunubi ne. Abin da Karin Magana 22:7 ta ce shine mai cin bashi bawan mai ba shi bashin ne, kuma duk wanda ya taɓa sake hanyar komawa gida dan kar ya bi ta gaban wani shago ya san wannan ba kwatanci bane, haka abin yake. Wani ne yake zaɓa maka hanyar da zaka bi, wani ne yake sa gabanka ya faɗi in waya ta yi ƙara, albashin da baka riga ka karɓa ba ma na wani ne. Zabura 37:21 kuma ta kira wanda ya ci bashi ya ƙi biya da sunan mugu, ba a sassauta ba. Bulus ya gaya wa Romawa a sura 13 aya 8 kada hakkin kowa ya zauna a kansu sai dai na ƙaunar juna. To kaga inda hatsarin yake. Bashin yana zuwa ne da 'yan rakiya, ƙarya da ɓuya da saɓa alkawari da faɗa a cikin gida, kuma waɗannan ɗin sune zunubin. Ni abin da ya fi ƙona min rai ma shine shaida, Alhajin nan ya san ni Kirista ne, yana ganina duk Lahadi da Littafi a hammata, wane wa'azi zan yi masa bayan na aiko masa yarinya da ƙarya?

Abu na farko da zaka yi, kuma kar ka ce sai gobe, ka samu littafin rubutu irin na 'yan lekol, wato makaranta, da bik ɗin rubutu ka rubuta duk wanda yake binka, har jaka ɗaya na mai ƙosai da rancen kiredin waya. Sunan mutum, nawa ka karɓa, nawa ka biya, nawa ya rage, akwai ruwa ko babu, wace rana kuka yi dashi. Zaka ji zuciyarka tana ƙi, tana cewa ai na san su duka a kai, ƙarya take maka. Ni a kaina ina ɗauka abin bai wuce jaka 400 ba, da na rubuta sai ga jaka 640, wato sefa 640,000. Alhaji mai kanti 45, wani mai ba da kuɗi da ruwa a kasuwa 150, akwatin tontin ɗinmu, wato ƙungiyar adashi, 80, ƙanin matata 100, mikrofinans, wato ƙaramin bankin ba da rance, 230, sai wata dattijuwa a ikilisiyarmu 35 da ta bani ranar da aka kwantar da ɗana a asibiti, wadda ko sau ɗaya bata taɓa buɗe baki ta tambaye ni ba, ita ce ma na manta da ita sai a ƙarshe. Yesu da kansa ya ce a Luka 14:28 wanda zai yi gini ya fara zama ya yi lissafi tukuna. Mu da bamu yi lissafi kafin mu shiga ba, dole mu yi shi kafin mu fita.

Daga nan sai ka kai littafin gaban matarka, ko mijinki in ke ce kika ci bashin, dan mata ma suna da nasu ɓoyayyu, na fanye, wato atamfa, da na kwanuka da na adashi. Nan ne wurin da ya fi min wuya. Na jira yara sun yi barci, na miƙa mata littafin ta haska da fitilar waya, tana bi layi layi da yatsa, da ta zo kan sunan ƙaninta sai ta tsaya ta ɗago tace Baban yara, har shi? Ashe shi yasa ya daina zuwa gidan nan. Ta yi kuka, ta yi kwana biyu maganarmu bata wuce gaisuwa ba, a rana ta uku ita ce ta ɗauko littafin da kanta tace to zauna mu ga ta ina zamu fara. Na sha jin maza suna cewa in mace ta san bashinka zata raina ka, ni dai abin da na gani shine ta riga ta san akwai abin da ake ɓoye mata tun tuni, sai dai tana zargin wani abin da ya fi bashi muni. Kuma kuɗin cefane da ake so a rage a hannunta yake, ta yaya zata rage abin da bata san dalilinsa ba?

Sai ka toshe ƙofar shiga. Ba sabon bashi, ko na biyan tsoho ne, musamman ma na biyan tsohon, dan nan ne yawancinmu muka nutse, ka karɓa wurin wannan ka kai wa wancan kana ganin kamar ka yi dabara alhali rami kake haƙawa dan cike rami kuma sabon ya fi zurfi. In kana cacar ƙwallo da sunan wata rana zaka ci ka biya kowa lokaci ɗaya, ka daina yau, kuɗin mutane ne kake zubarwa.

Yanzu ka dubi littafin ka ware masu ruwa daban. Dan Allah ka zauna ka yi wannan lissafin da kanka ko sau ɗaya ne. A ce ka karɓi jaka 100 a kan ruwa 10 cikin 100 duk wata, wanda mutane ke cewa ai mai sauƙi ne. Duk wata zaka kai jaka 10, bayan wata 10 ka kai jaka 100 cif, amma uwar kuɗin tana nan ko sefa 5 bata ragu ba. A shekara ruwan kaɗai 120 cikin 100 ne. In kuma ka kasa kai ruwan ana ɗora shi kan uwar kuɗi, a wata 8 jaka 100 ɗin nan ta wuce 200, a wata 12 ta haura 310. Wannan shine wanda zaka fara kashewa, duk abin da ya shigo hannunka bayan abinci da haya shi zaka jefa wa, sauran kana basu kaɗan kaɗan dan su san kana sane dasu. Wasu suna cewa a fara da ƙaramin bashi dan zuciya ta samu ƙarfi, ban ƙi ba in duka basu da ruwa, amma in akwai mai ruwan wata wata a ciki to shi ne wutar da ta kama rufin ɗaki, ba'a barinta a je sharar tsakar gida. Banda guda ɗaya, in a cikin masu binka akwai gwauruwa ko wani talakan da kuɗin nan shine jarinsa, ka sa shi a gaba ko da lissafi bai ce haka ba. Dattijuwar nan mai jaka 35 ita muka fara sallama, gyaɗa take soyawa tana ƙullawa a leda.

Ma'aikatan gwamnati da masu albashi, ku naku ya fi ban tsoro, kowa ya san yadda ake yi, mutum ya miƙa katin bankinsa da lambar sirrin ga mai ba da kuɗi da ruwa, ranar da albashi ya faɗo shi zai fara cire nasa sannan ya miƙo maka abin da ya rage, abin da ya rage ɗin bazai kai ka rabin wata ba sai ka sake komawa wurinsa. In katinka yana hannun wani, burinka na farko a duniyar nan bayan tsoron Allah shine ka karɓo shi. Bashin banki da na mikrofinans kuma kar ka yi wasa dasu ka ce ai kuɗin kamfani ne ba na mutum ba, tun Disamba 2019 akwai doka a Kamaru da ta tanadi hukunci har da ɗauri ga wanda ya karɓi irin wannan bashin ya ƙi biya da gangan. Kuma in an makara akwai tara da ake ƙarawa, ka ɗauko takardar da ka sa wa hannu, in faransancin ya maka nauyi ka samu wanda ka yarda dashi ya karanta maka ita tun daga farko har ƙananan rubutun ƙasa.

Mataki na gaba shine wanda ya canza min rayuwa, ka je wurin masu binka da ƙafarka kafin su zo. Ba saƙon WhatsApp ba, ba aike ba. Na je kantin Alhaji da sassafe kafin mutane su taru, na gaishe shi nace Alhaji ranar nan da kuka zo ina ciki, ni na sa yarinya ta ce bana nan, ku yafe min. Yace ai na sani, na ga mashin. Nace jaka 45 kuke bina, bazan iya biya gaba ɗaya ba amma duk Asabar zan kawo jaka 2 da rabi, kuma daga yau abin da zan saya da kuɗi a hannu zan saya. Ya buɗe littafinsa ya nuna min shafina yace ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, gudun da kake yi ne. Abin da na koya a nan, kar ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka dan kunya ta kama ka a gaban mutum, in jaka 2 zaka iya kar ka ce 5, ka faɗi ƙarami ka cika shi ranar da ka faɗa, in wata Asabar ta zo babu, ka je da bakinka tun Juma'a ka faɗa. Yesu ya ce i ɗinku ya zama i, a'a kuma a'a. A Matiyu 5 ya ma ce in ka kawo baiko gaban bagade ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana a kanka, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna, ya kuma ce ka yi hanzarin shiryawa da mai ƙararka tun kuna hanya kafin a kai ga alƙali. Mai ba da kuɗi da ruwan ma na je masa, amma ban je ni kaɗai ba, na tafi da wani dattijon ikilisiya da ake ganin girmansa a kasuwar, muka roƙi a tsayar da ruwan a inda yake in biya uwar kuɗi, bai yarda duka ba amma ya rage, kuma aka rubuta a takarda kowa ya sa hannu. Duk kuɗin da ka kai wa kowa a rubuta, in ta Orange Money ko MoMo ka tura kar ka goge saƙon.

To kuɗin biyan daga ina? A nan ina so ka buɗe 2 Sarakuna sura 4 ka karanta a hankali. Matar wani daga cikin ƙungiyar annabawa ce, mijinta ya mutu, ita da bakinta ta ce mai tsoron Ubangiji ne, amma ya bar bashi har mai bin bashin yana shirin zuwa ya kwashe 'ya'yanta biyu su zama bayinsa. Kaga mai tsoron Allah ma yana iya mutuwa da bashi, kuma in ya mutu a kan yara yake sauka. Annabi Elisha da ta kai wa kukanta bai ce mata ta yi watsi da bashin ba tunda mijinta bawan Allah ne, tambayarta ya yi me take dashi a gida. Tace ba komai sai ɗan mai a kwalba. Da Allah ya yawaita man, umarnin da aka bata shine ta je ta sayar ta biya bashin, sannan ita da 'ya'yanta su ci sauran. Akwai al'ajibi a ciki amma akwai zuwa maƙwabta aron tuluna, akwai ɗurawa, akwai kai wa kasuwa. Kai me kake dashi a gida? Mu mun sayar da talabijin da babbar wayata na koma ƙarama mai maɓalli, akuyoyi biyu da muke kiwo aka kai su kasuwar Pitowa kusa da Garwa, ni kuma in na tashi daga aikin walda da yamma sai in hau mashin in yi kilando, wato ɗaukar fasinja, har ƙarfe 10 na dare, ita tana dama kunu da safe a ƙofar gida. Ba daɗi, akwai ranar da na ɗauko wani ɗan ikilisiyarmu a mashin ya rasa inda zai sa idonsa, ni kuwa a lokacin na riga na gane wace kunya ce ta gaske.

Amma kar ka sayar ko ka jinginar da abin da kake cin abinci dashi. A Maimaitawar Shari'a 24:6 Allah ya hana a karɓi dutsen niƙa jingina, dan kamar ran mutum aka karɓa. Keken ɗinkinki, mashin ɗin aikinka, gonarka, shanun huɗa, waɗannan sune dutsen niƙanmu. Mutanen zamanin Nehemiya a sura 5 gonakinsu da gidajensu suka jinginar dan su samu hatsi lokacin yunwa, ƙarshenta 'ya'yansu suka shiga bauta kuma ba yadda zasu fanso su tunda gonakin suna hannun wasu. Manomanmu sun san wannan labarin ba sai an fassara musu ba, a karɓi buhu ɗaya na dawa a watan Agusta lokacin da rumbu ya yi ƙasa, da kaka a mayar da fiye da haka, sai rumbun baɗi ya ƙare tun kafin na bana. In kana noman auduga kana karɓar taki da magani bashi ta hanyar ƙungiya a tsarin kamfanin auduga na SODECOTON, ka san ana cirewa ne daga kuɗin audugarka kuma 'yan rukuni suna lamunin juna, wanda ya kasa biya nauyinsa kan sauran yake faɗawa. Saboda haka kar ka sayar da takin a kasuwa da araha dan buƙatar yau, maƙwabtanka kake ci wa guminsu, kuma ka duba da wa zaka haɗa rukuni.

Wannan ya kawo ni kan tsaya wa mutum. Wani zai zo yace hannu kawai zaka sa min a mikrofinans, ai ba kuɗi zaka bayar ba. Hannun nan kuɗi ne. Karin Magana ta yi ta nanata wannan, a 22:26-27 har cewa ta yi in baka da abin biya za'a janye gadon da kake kwance a kai, a sura 6 kuma ta ce in ka riga ka shiga kar ka bar idonka ya yi barci sai ka kuɓuta kamar barewa daga hannun maharbi. Ƙa'idata yanzu, in ba zan iya biyan kuɗin duka da kaina ba tare da gidana ya girgiza ba, bana sa hannu, ko da uwa ɗaya uba ɗaya muke. Gara in ba shi jaka 5 kyauta ya ji haushina na sati guda.

Yanzu bari in taɓa inda ke mana ciwo mu masu bi, dan rabin bashina daga nan ya fito. Biki da jana'iza. Auren majami'a ya zama gasa, rigar amarya, haya na zaure, motoci, abincin mutum ɗari uku, mai ɗaukar hoto, ga kuɗin aure can gefe. Mafi ƙanƙantar albashi da doka ta tsayar a 2023 ga ma'aikatan kamfanoni da ba na noma ba jaka 60 ne a wata, mai irin wannan albashin in ya yi bikin miliyan ɗaya ya cinye aikin wata 16 da ɗoriya a yini guda, sai amarya ta tare a ɗakin da masu bin bashi suka fi baƙi yawa. Saboda tsoron wannan ma samari da yawa sun ƙi kawo aurensu majami'a. Jana'izar babana kuwa sai da muka ciyar da mutane kwana da kwanaki, ba wanda ya tilasta mana da baki, tsoron kar a ce ne kawai. Ga anko, na zumuntar mata, na ranar 8 ga Maris, na Kirsimeti, na bikin girbi, kowanne da sabon fanye. 'Yar'uwa, in babu, ki sa wanda kike dashi ki wanke ki goge ki je sujada, ba mai kore ki, wadda ta yi miki kallon banza ba ita zata biya miki ba. Dattawan ikilisiya da fastoci kuma dan Allah ku taimaka, in kuka tsaya a bagade kuka ce aure mai sauƙi aure ne cikakke, kuka ɗaura irinsa da murna ɗaya da na masu kuɗi, zaku ceci gidaje da yawa.

Maganar baiko da zakka ana yawan tambayata. Ra'ayina, kar ka daina bayarwa gaba ɗaya dan zuciyar da ta saba riƙewa bata saurin sakewa, amma kar ka ci bashi dan ka bayar, kuma kar ka ɗaga hannu a taron tara kuɗin gini ka yi alkawarin jaka 50 dan an kira sunanka a lasifika alhali gwauruwa tana binka 35. A 2 Korintiyawa 8:12 an ce ana karɓar baiko gwargwadon abin da mutum yake dashi ne, ba abin da bashi dashi ba. Masu cewa ka kawo kuɗin shuka iri a yi maka addu'a bashinka ya ɓace cikin kwana bakwai kuwa, ka riƙe kuɗinka ka kai wa wanda yake binka. Ina addu'a a kan bashina kullum a lokacin, kuma na ga hannun Allah, aikin ƙofofi da tagogi na wani gini ya zo min a daidai watan da na rasa yadda zan yi, amma littafin nan bai taɓa goge kansa ba, biya muka yi layi bayan layi, shekara 2 da wata 4.

Akwai bashin da ba yadda za'a yi, yaro na kwance ana jiran kuɗin ƙarin jini ko mace na naƙuda za'a yi mata aiki, wannan ka karɓa kar ka tsaya dogon tunani, rai ya fi. Sai dai ka nemi rance wurin ɗan'uwa ko asusun taimako na ikilisiya kafin ka je wurin mai ruwa. Abin da yafi shine ka rage irin waɗannan ranakun tun kafin su zo. Komawar yara lekol a watan Satumba ba hatsari bane, kowace shekara tana zuwa a lokacinta, haka Kirsimeti, haka zazzaɓin damina. Ko makarantar firamare ta gwamnati ce da aka ce kyauta, akwai littattafai da kayan makaranta da kuɗin ƙungiyar iyaye. Tun daga Janairu muke ware wani abu duk sati, gwangwani biyu, ɗaya na lekol ɗaya na asibiti, kuma makullin yana hannun matata. Adashi yana da kyau in zubi ɗaya ne wanda ka san zaka iya, kuma ka tuna in ka kwasa da wuri sauran zubin bashi ne a kanka, ba riba ka ci ba. Adashi uku huɗu a lokaci ɗaya kana kwasar wannan kana zuba wancan, wannan ba tanadi bane.

In kuma kai ne kake bin wani, wato kai ka bayar, to kai ma akwai naka. Shari'ar Musa ta hana karɓar ruwa daga talakan da ke cikin jama'ar Allah, ta ce in ka je karɓar jingina ka tsaya a waje kar ka kutsa ɗakin mutum, in mayafinsa ka karɓa ka mayar masa kafin rana ta faɗi dan ya samu abin rufa. Dubi yadda Allah ya kula da mutuncin wanda ake bi. Kar ka tona shi a taron addu'a da sunan roƙon addu'a, kar ka aika wa matarsa magana a kasuwa. Ka tuna bawan nan na Matiyu 18 da aka yafe masa talanti 10,000 ya fita ya shaƙe wuyan mai dinari 100. In ɗan'uwa ya zo maka da ƙafarsa da gaskiya a bakinsa, ka sassauta masa, in kana da hali ka yafe wani abu. Ƙanin matata da muka biya shi jaka 70 ya ce sauran 30 a saya wa yara takalma, ranar ya ci tuwo a gidanmu karo na farko cikin shekara biyu.

Abu ɗaya ya rage da na yi jinkirinsa, kar kai ka yi. In ka taɓa sa yaro ya yi maka ƙarya saboda bashi, ka kira shi ka gyara. Sai da na kusa gama biyan Alhaji sannan na zaunar da 'yata nace mata abin da na sa ki faɗa ranar nan ba daidai bane, laifina ne ba naki ba, na roƙi Allah gafara na roƙi Alhaji, ke ma ki yafe min. Ina tsammanin ta manta. Tace na tuna baba, ranar da ka ce in ce baka nan. Asabar ɗin da ta biyo baya na bata jaka 2 da rabi ɗin ta riƙe a hannunta, muka tafi kantin tare, ita ta miƙa masa ya rubuta a gabanta.